Gingimari: Tarihin Motar Da Dangi Ke Haɗa Hannu Su Ƙera

Duk mai sha'awar tsofaffin finafinan Amurka da ya taɓa kallon American Graffiti, fim ɗin da George Lucas ya bada umarni a 1973 tun kafin duniya ta san shi da Star Wars, ba zai manta da wata mota mai launin ruwan ɗorawa ba. Motar nan ta fi wasu daga cikin 'yan wasan fim ɗin farin jini. Ford ce ƙirar 1932, amma da a ce wanda ya ƙera ta a kamfani zai gan ta a fim ɗin, da ƙyar zai shaida ta. An datse rufinta ya yi ƙasa-ƙasa, an rage madigadi, an tuɓe murfin gaba, sannan aka ɗora mata wani ƙaton inji da ba nata ba, yana waje kowa na gani. Irin wannan mota ce Amurkawa ke kira "hot rod", wato tsohuwar mota da mutum ya saya, ya wargaza, ya sake haɗawa da hannunsa yadda ransa ke so.

Abin ya samo asali ne a shekarun 1930 a kudancin jihar Kalifoniya. Ana cikin matsin tattalin arziki, saurayi ba shi da kuɗin sabuwar mota, amma tsofaffin Ford ga su nan birjik, domin samfurin Model T kaɗai an ƙera sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927. Sai samari su sayi kwaraɓaɓɓiya da araha, su cire duk abin da ke ƙara mata nauyi, su taɓa injin, su nufi busassun tafkunan hamada irin su Muroc su yi ta tsere. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojoji suka dawo gida da ƙwarewar kanikanci da walda, sai harkar ta bunƙasa. A 1948 Robert Petersen ya fito da mujallar Hot Rod, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar da ta tsara masu tseren. Daga baya abin ya zama nishaɗin iyali: uba da 'ya'yansa su shekara uku ko biyar a garejin gida suna haɗa mota guda a ranakun hutu, jikoki su zo su gada.

To, mu fa? Mai karatu zai iya cewa wannan wasan masu ƙoshi ne, Bahaushe bai san shi ba. Ni kuwa ina ganin mun yi namu, kuma mun daɗe muna yi, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Tamu motar haɗin ita ce gingimari, babbar motar nan mai bodin katako wadda ta yi shekaru tana jigilar auduga da gyaɗa da shanu da mutane a hanyoyin ƙasar Hausa. Su sun haɗa tasu don gudu da burga, mu mun haɗa tamu don kaya. Amma dabarar ɗaya ce: kamfani ya ba ka rabin mota, hannun mutanen gari ya ƙarasa sauran. Kuma idan batun aikin dangi ake yi, tamu ta fi tasu zama ta dangi nesa ba kusa ba.

Auduga ce ta kira mota

Babu inda ya fi dacewa a fara wannan labari kamar kudancin ƙasar Katsina, yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, domin nan ne ƙasar noma sosai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga baya aka ja wani reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929. Turawa ba don Allah suka ja wannan layi ba, auduga da gyaɗa suke hange. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa, aka kuma buɗe gonar irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, a shekarun 1920. Masu bibiyar tarihin fim sun san Daudawa ta wata fuskar, domin sunanta na haɗe da Baban Larai, fim ɗin nan na shekarun 1950 da aka riƙa nunawa a majigi don koya wa manoma noman zamani.

Matsalar jirgi ita ce ba ya zuwa gona. Yana tsayawa a tasha, sai kai ka kai masa. Da farko jakuna da takarkarai da raƙuma ne ke wannan aiki, kuma duk wanda ya san yawan buhunan da jaki zai iya ɗauka ya san ba za a daɗe a haka ba. Wannan giɓi da ke tsakanin gona da tashar jirgi shi babbar mota ta zo ta cike. Hanyar da ta tashi daga Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa Mairuwa da Sheme da 'Yankara, daga Sheme kuma wata ta ɓalle zuwa Ƙanƙara. Kasuwannin da ke bakin waɗannan hanyoyi da mota suka girma.

Bayan yaƙi ne motocin suka yawaita. A 1949 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, a 1954 aka mayar da aikin hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ba ta zuwa ƙauye da kanta, wakilai masu lasisi ne ke saye su kai mata, kuma wakilin da ke da motar kansa ya fi wanda ke haya cin riba. Manyan attajiran Kano irin su Alhaji Sanusi Ɗantata sun tara motoci ta wannan hanya. A ƙarƙashinsu kuma akwai ɗimbin ƙananan 'yan kasuwa da manyan manoma waɗanda burinsu bai wuce mota ɗaya tak ba. Labarin waɗannan ne ya fi ba ni sha'awa.

Kai da shasi

Abin da matasan yanzu ba su sani ba shi ne, a wancan zamani ba a sayen babbar mota cikakkiya. Abin da za ka samu a kamfani shi ne kai da inji da shasi da tayoyi, bayanta tsirara, ƙarafa biyu ne dogaye kwance. Kowane kamfani da motar da yake dillanci: Bedford a hannun reshen motoci na UAC, Marsandi a hannun Leventis, Ford a hannun Joe Allen, Fijo a hannun SCOA. Bedford, wadda bakin 'yan tasha ya mayar Bilhodi, ita ce sarauniyar wancan lokaci, musamman samfurin TJ mai dogon hanci da aka fara ƙerawa a Ingila a 1958. A 1959 ma aka fara harhaɗa ta a Apapa ta Legas.

Me ya sa ba a kawo ta da bodi? Lissafi ne. Bodi na cin wuri a jirgin ruwa, yana ƙara kuɗin dako da na kwastan. A nan kuwa katako na da araha, kafintoci ga su nan. Sannan bodin katako idan ya karye a daji, kafintan ƙauye ma zai iya ɗinke shi da guduma da ƙusa, ba sai an nemi injin walda da wutar lantarki ba. Haka aka yi a Gana da Saliyo da ƙasar Yarabawa inda suke kiran tasu bolekaja, haka kuma aka yi a Pakistan, inda har yau Bedford mai ado ke yawo a kan titi.

Daga kamfani sai a tuƙo motar haka nan tsirara zuwa wurin masu ƙirar bodi. A nan ne aikin ke farawa, kuma tambayar farko da babban kafinta zai yi ita ce, "Alhaji, me za ta riƙa ɗauka?" Amsar wannan tambaya ce ke yanke siffar motar gaba ɗaya. Auduga ba ta da nauyi amma tana da cika wuri, don haka motar auduga na son dogon bango, har a ƙara mata sanduna a sama a yi mata toliya. Gyaɗa da hatsi nauyi gare su, sai a ƙarfafa ƙasa, ba a damu da tsawo ba. Motar shanu kuwa sai an bar tazara tsakanin katakan gefe don iska ta shiga, a gicciya sanduna a sama inda masu rakiya za su zauna suna lura da dabbar da ta faɗi. Mai son ya haɗa kaya da fasinja, wanda shi ne ya fi yawa a ƙauyuka, sai a yi masa bencina na katako waɗanda ake zarewa a jingine idan lodin buhu ya samu.

Ana fara shimfiɗa manyan katakai biyu a bisa ƙarafan shasi, a ɗaure su da lanƙwasassun kusoshi masu noti. Ba a yarda a huda shasi barkatai, domin huji na raunana ƙarfe, wata rana a kan gargada sai ya tsage. A kan waɗannan sai a jera na gicciye, a kansu a shimfiɗa daɓe, sannan a kafa ginshiƙan gefe. Katakon da ake so shi ne mai tauri irin madaci da loko, kuma busasshe. Wanda ya yi gaggawa ya sa ɗanye zai gane kurensa idan hunturu ya shigo, lokacin da katako zai ƙanƙance, notuna su saki, mota ta riƙa kuka tun daga Sheme har Funtuwa. Gwanin kafinta ba ya ɗaure bodi tamau kamar akwati. Ya san shasi na murɗawa idan taya ɗaya ta faɗa rami, don haka yakan bar wa katako ɗan wurin numfashi. Wannan ilimi ba a takarda yake ba, a ido da tafin hannu yake, ɗa ya koya daga uba.

Maƙera na da nasu kason. Su ke ƙera maɗaurai da ƙugiyoyin igiya da sarƙar ƙofar baya da tsanin hawa. A tsofaffin motoci na farko-farko har ɗakin direba da ƙofofinsa na katako ne. Saman kai kuma akan yi wani ɗan akwati inda ake ajiye tamfol da igiya da jarkar ruwa, nan ne kuma makwancin yaron mota. Ka duba da kyau, mai karatu, sana'o'in gado ne guda biyu, sassaƙa da ƙira, suka tarbi baƙon ƙarfe daga Ingila suka yi masa riga irin tamu.

Motar gidanmu

Kuɗin kai da shasi ba abin da aljihu ɗaya ke ɗauka ba ne, ko da kamfani ya yarda a biya kaɗan-kaɗan. Saboda haka sayen mota shawara ce ta gida. Maigida ya sayar da audugar bana da bijiman huɗa. Ƙanensa da ke fatauci a Kurmi ya aiko da nasa. Uwargida ta kwashi adashi, ta haɗa da ribar man gyaɗa da ƙuliƙuli, wani lokaci har da 'yan awakinta. Wannan kuɗi na mata ba kasafai ake ambatonsa a tasha ba, amma ana sane da shi a cikin gida, kuma ranar rabon riba ko ranar rigima yakan fito fili.

Idan bodi ya tashi, aikin ma a gida yake zama. Ƙane ko ɗan wa shi ne direba, domin ba a son a damƙa wa bare dukiyar dangi ya tafi da ita Legas ko Anacha mako biyu ba labari, a zamanin da babu wayar hannu. Ɗan gidan da ya ƙi makaranta shi ne yaron mota. Shi ke wanke ta, shi ke ɗaure tamfol, shi ke dirowa da gudu ya cusa weji a bayan taya idan an tsaya a kan tudu, shi ke juya handul da asuba idan batir ya yi sanyi. A gida yana ce wa direban Yaya ko Kawu, amma da an shiga tasha sai ya koma Oga. Bayan shekaru yana shan zagi da ranƙwashi, wata rana a hanyar da babu 'yan sanda sai Oga ya matsa gefe ya ce, "Zo ka riƙe." Daga nan an fara sabon direba.

Mawaƙanmu sun ga wannan duniya sun kuma adana ta fiye da marubutanmu. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi wa karen mota waƙa sukutum, kuma tana cikin waƙoƙin da suka fito da shi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zaman Funtuwa shekara da shekaru kafin rasuwarsa a 1999, ya wasa direbobi da masu motoci, waƙar Bawa Direba na cikin waɗanda aka fi sani. Duk mai son ya ga yadda rayuwar Shata ta cuɗanya da tasha da hanya, ya nemi littafin Shata Ikon Allah! na 2006, wanda biyu daga cikin marubutansa, Ibrahim Sheme da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, 'yan wannan yanki ne da muke magana a kai. A wancan zamani direban babbar mota ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ya ga Ikko, shi ya ga teku, shi ke kawo labari da sabon yayi da faifan garmaho.

Littattafanmu na soyayya kuwa, tun daga shekarun 1990, sun cika da motoci. Za a faɗa maka sunan Marsandin da saurayi ya zo zance da ita, da launinta, da ƙamshin da ke tashi idan ya buɗe ƙofa. Amma da wuya ka ga an koma baya an nuna gingimarin da kakansa ya fara tara dukiyar da ita. Alhali kuwa labari na nan jibge. Ka ɗauki batun gado kawai: maigida ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha biyar da mota ɗaya. Gona a raba ta da igiya, shanu a ƙirga, to mota fa? Ko a sayar a raba kuɗin, sana'ar gidan ta mutu, ko a bar ta a hannun wanda ke tuƙi, sauran su riƙa zarginsa da cin amana duk ranar da ya ce inji ya buga. Gidaje nawa ne zumuncinsu ya tsinke a kan wannan? Indiyawa sun yi fim tun 1958, Chalti Ka Naam Gaadi, a kan 'yan'uwa uku masu gareji da tsohuwar motarsu, kuma 'yan'uwan na gaskiya ne: Ashok Kumar da Anoop Kumar da Kishore Kumar. Mu da muka kwashi rawa da waƙa daga Indiya, wannan ɓangaren mun bar masu abinsu.

Aikin fenta

Kafinta na gamawa sai fenta ya karɓa, kuma a nan ne kowane gida ke nuna halinsa. Ba a barin katako fari. Akan shafe shi da shuɗi ko kore ko ja, a bi gefuna da zane-zanen furanni da dagi da tauraro da jinjirin wata. Ƙofar baya ita ce allon gaske, domin ita mai bin ka a baya zai yi ta kallo tsawon tafiya. Wani ya sa zaki, wani mikiya ta cafko maciji, wani ɗawisu, wani barde a kan doki. Wanda ya sauke farali yakan sa masallaci ko jirgin sama. Malamai ba su cika son hoton mai rai ba, don haka mai motar da ke kusa da malamai sai ya tsaya a kan furanni da rubutu.

Silima ta shigo cikin wannan aiki kai tsaye. Da finafinan Indiya da na Chanis suka mamaye gidajen silima na Arewa, sai jaruman suka hau bayan motoci. A shekarun 1970 masu kareti ne, a shekarun 1980 kuma Rambo da ɗaurin kansa da ƙatuwar bindiga. Sau da yawa hannun da ya zana allon mai aski da na mai shayi shi ne ya zana bayan motar, kuma ba ya sa sunansa, in ma ya sa to a can ƙasa ne da ƙananan baƙaƙe.

Sai rubutun goshi. Wani addu'a ce, "Allah Ya Kiyaye". Wani karin magana ne, "Haƙuri Maganin Duniya". Wani kuwa habaici ne tsagwaronsa, an yi shi ne don wani maƙwabci ko ɗan'uba da ya ce motar ba za ta tashi ba. Mutanen ƙauye da ba su iya karanta lamba ba da wannan suna suke gane mota, har ya kan bi direban ya zama laƙabinsa, wani lokaci ya bi 'ya'yansa.

Zamanin haɗe-haɗe

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Motocin Ingila masu sitiyari a dama suka zama baƙi a kan hanyar da suka saba, makanikai suka sami aikin juya sitiyari, kasuwa kuma ta buɗe wa motocin Jamus da Faransa da Italiya. Marsandi samfurin 911 mai gajeren hanci ta karɓe sarauta daga Bedford. Lambar nan ba ado ba ce: 9 na nufin tan tara, 11 kuma ƙarfin doki 110. Amma wa ya tsaya a tan tara? Maƙera da makanikai suka riƙa ƙara mata ganyen sifirin, ana ja mata shasi, tana ɗaukar abin da injiniyan da ya zana ta a Jamus bai taɓa mafarki ba.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawo masana'antun harhaɗa motoci: Fijo a Kaduna daga 1975, Fiat a Kano, Steyr a Bauci, Marsandi a Inugu. Su ma manyan motocinsu da dama a hannun masu bodi suke ƙarasa zama mota. Sai aka shiga 1986, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin ƙarfi. A ganina daga nan ne muka shiga zamanin "hot rod" na haƙiƙa, irin na samarin Kalifoniya a shekarun 1930, domin dalilin ɗaya ne, wato babu. Ba a yar da mota kuma. Kan wannan, shasin waccan, injin wata daban da aka sayo na hannu daga Turai, giyabos na wata ta huɗu. Bakanike ya yanka, ya huda, ya yi walda har sai sun zauna da juna. Kasuwar Panteka a Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano suka zama jami'o'in wannan fanni.

Akwai ma wani kamanci da zai ba ka dariya. A Amurka, masu safarar giya ta ɓoye a kudancin ƙasar ne suka ƙware wajen ƙara wa mota gudu da ƙarfin sifirin don su tsere wa jami'ai, kuma daga cikinsu aka sami wasu direbobin farko na tseren NASCAR da aka kafa a 1948. A nan ma wasu daga cikin gwanayen taɓa Fijo 504 da J5 a hanyoyin kan iyaka suka koyi aikin, inda ake cire kujeru a ɗaga bayan mota don ta ɗauki buhunan shinkafa ta kuma yi gudu a cikin yashi. Ba yabon sumoga nake yi ba, hannun da ya yi aikin nake nunawa.

Wannan hannu bai tsaya a tasha ba. A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a gida da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya kai ga zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, kamfanin da a da shi ne uban gidan Bedford, kafin a naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa a 2017.

Ina suka shiga?

Bodin katako ya ja baya saboda dalilai da ba su da wuyar ganewa. Katako mai kyau ya yi tsada, dazuzzuka sun ƙare, injin walda ya shiga kowane gari, bodin ƙarfe kuma ya fi jure lodin zamani. Tirela da DAF da kanta suka raba aikin a tsakaninsu, fasinja ya koma bas. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ta daɗe tana yaƙi da ɗora mutane a kan kaya, kuma tana da gaskiya, domin duk wanda ya taɓa ganin gingimari ta kife da 'yan kasuwa ba zai yi mata kwalliyar ƙarya ba. Ta ci rayuka da yawa.

A yankin Faskari kuma sai ga matsalar tsaro ta zo ta ƙara danne harkar. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da hare-haren da suka yi ta biyo baya, gwamnatin Jihar Katsina ta fito da dokar ƙarshen Agustan 2021 wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ta hana fitar da shanu a manyan motoci, ta kuma hana motocin itace shiga daji. An sassauta daga baya, amma ka tuna shanu da itace su ne aikin ƙarshe da ya rage wa tsofaffin motocin katako. Motar da ta yi watanni a tsaye, tayoyi suka sace, gara ta sami katako, ba kowane gida ne ke da ƙarfin tada ta ba.

Abin da ya fi damuna a matsayin mai kallon fim shi ne wannan. Ba'amurke zai shirya fim a kan 1962, kamar yadda Lucas ya yi, ya sami motocin zamanin da rai da lafiya, domin iyalai sun adana su. Furodusan Kano ko Kaduna da ke son ya nuna kasuwar Sheme ta shekarun 1960 zai sami riga da rawani da jaki da buhun algarara, amma ina zai samo Bilhodi mai bodin katako da ke tashi? Shi ya sa finafinanmu na tarihi kan tsallake daga zamanin doki da takobi su faɗo zamanin jif, kamar babu shekara hamsin a tsakani. Gidan tarihi na ƙasa da ke Legas ya adana Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976, fadar Kano ma na da tsofaffin motocin sarauta da ake fitowa da su jefi-jefi. Waɗannan motocin manya ne. Motar talaka, wadda ta kai audugar Daudawa injin gurza ta kuma kai amare ƙauyukan da ba su da kwalta, ba ta sami mai ajiye ta ba.

Tada guda ɗaya ba abin da ya gagari kamfanin fim ko gidan tarihi na Katsina ba ne, ko ma wani gida da kakansu ya ci abinci da ita. Shasi da inji makanikan Funtuwa da Panteka za su iya da su. Wanda ya fi wuyar samu shi ne kafintan da ya san inda ake barin katako ya numfasa, da fentan da ya iya zakin nan mai jan baki, domin waɗanda suka rage a cikinsu duk sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun koma walda ko acaɓa. Su kuma 'yan gwangwan ba sa jira. Da kilo suke saye, su sa wuta su yanka shasi gunduwa-gunduwa a loda a tirela zuwa masana'antar narka ƙarfe, katakon kuma da zanensa da rubutun goshinsa a sayar wa masu tuwo-tuwo su hura wuta.